Abin da Magazin ta koya mini game da mota mai tashi sama

Wata ranar Asabar da yamma, muna harhaɗa kayan aiki a shagonmu da ke Suwame Magazin, babbar unguwar makanikai a Kumasi, sai ɗaya daga cikin yaran da nake koya wa sana'a ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini bidiyon wata farar mota da ta buɗe fukafukai ta gudu a kan titin jirgi ta tashi sama. A safiyar ranar yaron ya makara, domin motar da ya shiga daga Aboabo ta daɗe a cunkoson shataletalen Suwame, saboda haka na fahimci abin da ke ransa lokacin da ya ce, "Maigida, yaushe za mu fara gyaran irin wannan a nan?" Ban raina tambayar ba, domin ni ma na taɓa yin ta, kuma ita ce ta sa na zaɓi batun nauyi da ƙarfin inji a aikin kammala karatuna, lokacin da na koma makarantar fasaha da dare bayan shekaru ina aikin makanike da rana.

Motar da ya gani gaskiya ce. Sunanta AirCar, an ƙera ta a ƙasar Sulobakiya, kuma a watan Yunin 2021 ta tashi daga garin Nitra ta sauka a Biratisilaba cikin minti 35 da injin BMW mai shan fetur, sannan a farkon 2022 hukumar sufurin ƙasar ta ba ta takardar shaidar cancantar tashi. Tunanin kuwa ya girmi kakanninmu, domin tun a 1917 Glenn Curtiss ya nuna tasa a Amurka, kuma a 1949 Moulton Taylor ya ƙera Aerocar, wadda ta samu amincewar hukuma a 1956, amma guda shida kawai aka yi. Wannan adadin ne ya tsaya mini a rai tun ina ɗalibi. Abu ya tashi, hukuma ta yarda da shi, jaridu sun yaba, duk da haka kasuwa ta ƙi karɓarsa. Na daɗe ina neman dalilin a cikin littattafai, alhali rabin amsar tana cikin shagon da nake wuni a ciki.

A Magazin maganinmu na farko ga kusan kowace cuta shi ne ƙarin ƙarfe. Direban tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, zai zo ya ce motarsa tana zama idan ya yi lodi, sai mu ƙara masa ganyen sifirin. Mai babbar mota zai ce shasi ya tsage, sai mu ɗora masa faranti mai kauri mu yi walda. Hanyoyinmu ne suka koya mana haka, kuma a ƙasa dabarar tana aiki, domin ƙasa ce ke ɗauke da nauyin, inji turawa kawai yake yi. A sama kuwa kowane kilo sai an saye shi da ƙarfin inji da faɗin fiffike. Mota tana buƙatar tayoyi huɗu masu ƙwari, da giya, da sifirin, da jikin da zai kare fasinja idan an yi karo, kuma duk waɗannan kaya ne marasa amfani da zarar an bar ƙasa. Jirgi yana buƙatar dogayen fukafukai, da wutsiya, da farfela, kuma waɗannan su ma kaya ne masu cika wuri da saurin lalacewa da zarar an shiga titi. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma ban ga inda maganar ta zauna daidai kamar nan ba. Na kan yi tunanin irin wannan mota a naɗe da fukafukanta tana ratsa kasuwar Kejetia, mai firagiya (keke mai ƙafa uku na fasinja) ya goge ta ta hagu, mai aboboya (na ɗaukar kaya) ya taɓa ta ta baya. A motar haya wannan lotsawa ce da mai gyaran bodi zai buga ya shafa fenti kafin la'asar, amma idan fiffike ne ya lotsa, ba mai hankalin da zai tashi da shi sai an buɗe an duba cikinsa.

Lissafin batir ne ya fi ba ni wahala a makaranta, kuma shi ne ya fi gyara mini tunani. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashin da ya kai kimanin awa-wat 12,000, alhali kilo ɗaya na batirin litiyam mai kyau yana ɗauke da kimanin 250 zuwa 300. Gaskiya ne cewa injin fetur yana ɓarnatar da mafi yawan makamashinsa a zafi, inda injin lantarki yake amfani da kusan kashi 90 cikin ɗari, amma ko an cire wannan, fetur yana gaba da fiye da ninki goma. Ga kuma wani abu da ban lura da shi ba sai da malaminmu ya sa na zana shi a allo: jirgin da ke shan mai yana rage nauyi yayin da yake tafiya, amma batirin da ya ƙare nauyinsa ɗaya da wanda yake cike. Tashi a tsaye kamar jirgi mai saukar ungulu, wanda shi ne abin da mai son tsallake cunkoso yake bukata, shi ne kuma ya fi kowane irin tashi cin wuta, musamman idan farfelolin ƙanana ne.

Darasin da ya fi shiga jikina ban same shi a aji ba. Ina shekara ta huɗu a hannun maigidana, aka kawo wata bas mai zuwa Accra da bututun ruwan lagireto ya tsage. Direban yana sauri, fasinjoji suna jira a tasha, ni kuma na yanke wurin da ya tsage na haɗa na ɗaure, na ce masa zai kai shi. Bai kai shi ba. Bututun ya fashe a kusa da Nkawkaw, inji ya yi zafi, direban ya gangara gefen hanya ya tsaya, fasinjoji suka sauka suka nemi wata mota, kuma ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Da labarin ya iso, maigidana bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, gefen hanya ne ya rufa maka asiri yau, ba aikinka ba." Na yi shekaru ina juya wannan magana. Dukkan sana'armu ta lallaɓawa, wato a ɗaure da waya a kai gida, a sa na hannu kafin a samu sabo, ta ginu ne a kan cewa mota idan ta gaza tana da inda za ta tsaya. Sama ba ta da gefen hanya.

Tarihin waɗannan motoci ya tabbatar da maganar maigidana da jinin mutane. A 1973 a Kalifoniya, Henry Smolinski da abokin aikinsa Harold Blake sun mutu a cikin AVE Mizar, wadda aka haɗa daga motar Ford Pinto da fukafukan jirgin Cessna, bayan da abin da ke tallafe da fiffike ya rabu da jikin motar, kuma masu bincike sun ambaci rashin kyawun walda. Ni mai walda ne kafin in zama komai, saboda haka na san yadda irin wannan ɗinki yake kama da lafiyayye a ido alhali cikinsa rami ne. Kafin nan, a 1947, motar Convair mai fukafukai ta faɗi saboda matuƙin ya duba ma'aunin man motar, wanda ya nuna a cike, bai duba na injin jirgin ba, har man ya ƙare masa a sama. Mu a Ghana ma ba mu bukatar a ba mu labarin nesa, domin a ranar 6 ga Agustan 2025 jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi a yankin Adansi a kan hanyarsa ta zuwa Obuasi, mutum takwas suka rasu, cikinsu har da ministoci biyu, Edward Omane Boamah da Ibrahim Murtala Muhammed. Horarrun matuƙa ne kuwa ke tuƙa wannan jirgi. Idan na tuna haka, sai jikina ya yi sanyi da tunanin a ce kowane mai lasisin mota ya samu damar ratsa saman rufin gidajen Asawase.

Abin da ya raba mu da masu gyaran jirgi, kamar yadda na fahimta daga baya, ba basirar hannu ba ce, domin na ga mutane a Magazin da suke gane ciwon inji daga sautinsa kawai. Rubutu ne ya raba mu. A harkar jirgi kowane muhimmin sashe yana da takardar asalinsa da adadin awannin da ya yi aiki, ana cire shi idan wa'adinsa ya cika ko da yana sheƙi, kuma injiniya mai lasisi ne ke sa hannu da sunansa kafin a tashi, a ƙarƙashin sa idon Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ghana. Mu kuwa muna sayen kayan gyara na hannu daga kwantena, ba mu san motar da aka cire su ba, ba mu san nisan da suka yi ba. Tun da na gane haka na sayi babban littafi na ajiye a shago, kowace mota da lambarta da kwanan wata da abin da aka canza da sunan yaron da ya ɗaure. Da farko yaran sun ɗauka rashin yarda ne, har sai da littafin ya wanke ɗayansu daga zargin wani direba.

Game da gaba, ra'ayina shi ne yawancin abin da ake kira mota mai tashi a yau ba mota ba ce, ƙaramin jirgin lantarki ne mai farfeloli da yawa wanda ba ya taka titi ko kaɗan, kuma hakan ya nuna cewa masu ƙira sun tofar da taura ɗaya. A Oktoban 2023 hukumar sufurin jiragen sama ta Sin ta amince da ƙirar EH216-S na kamfanin EHang, mai kujeru biyu da farfela 16, wanda ba shi da matuƙi a ciki kuma zangonsa bai wuce kimanin kilomita 30 ba. A Jamus kuwa kamfanonin Lilium da Volocopter masu ƙera irin waɗannan jirage duk sun shiga fatara a ƙarshen 2024, bayan sun cinye kuɗi masu yawa suna jiran takardar izini. Tsakanin Kumasi da Accra kimanin kilomita 250 ne, ga hazon hunturu da ke hana manyan jirage ma sauka, ga wayoyin lantarki da suka sarƙe a saman unguwanninmu, ga tambayar wutar da za a yi caji da ita ga mutanen da suka sha dumso, wato yawan ɗauke wuta. Abin da na ga ya yi aiki a ƙasar nan shi ne jiragen kamfanin Zipline marasa matuƙi, waɗanda suka fara daga garin Omenako a Afrilun 2019, suna kai jini da alluran rigakafi asibitocin karkara, suna sakin ƙunshin da bai kai kilo biyu ba da 'yar lema. Kaya ne marar nauyi, hanya ce sananniya, bukata ce ta ceton rai, kuma idan na'urar ta samu matsala ba mutum a cikinta. Ina sa ran daga nan abin zai girma, zuwa kaya masu nauyi, wataƙila daga baya zuwa ɗaukar majinyaci daga ƙauyen da ruwa ya yanke hanyarsa.

Ban faɗa wa yaron duk wannan a ranar ba. Na ce masa idan yana son ya taɓa irin waɗannan na'urori wata rana, ya koma ya gyara lissafinsa, ya koyi aikin wayarin da batir a wurin maƙwabcinmu mai gyaran lantarkin mota, ya kuma daina ɗaure noti da ƙiyasin hannu alhali akwai sifana mai awo a cikin akwati. Ranar Litinin na ba shi riƙon littafin shago, kuma shi ne yake cika shi har yanzu.