Layar Kawu da takalmin ɗiyata a cikin kabin

Shekaranjiya da dare ina gida nan Tawa, kwana ukku ke nan da saukata daga kamiyo, babbar motar kaya da nake tuƙawa, sai ƙanena da ke aiki Faransa ya turo min wani bidiyo a WhatsApp ya rubuta wai Yaya dibi 'yan uwanka. Na buɗe sai ga wani tsohon Bature da matarshi, sun saida gidansu sun koma cikin mota gaba ɗaya, irin motar nan da suke ce ma kampin-kar, da gado da murhu da ɗan makewayi duk a ciki, yau suna bakin teku gobe suna gindin dutse. Yara suna ta mamakin gadon da firijin, ni ko wallahi gaban motar idona ya tsaya. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da kwabo yana reto jikin madubi, ga hotunan jikoki an liƙa sama da gilashi, ga wani ɗan dutse da anka manne da gam don kada ya faɗi in an taka burki. Sau huɗu ina maida bidiyon baya don wurin nan kaɗai.

Na kira shi na ce ƙarfen nan na mi ne, ya ce hoton Saint Christophe ne, Kiristoci 'yan Katolika sun ɗauke shi waliyyin matahiya, ana zana shi ɗauke da yaro a kafaɗa yana ƙetare ruwa da shi, kuma da yawansu suna rataya shi a mota. Sannan ya gaya min wani abu da ya zauna min a rai. Can wurinsu ƙaramin permi, wato takardar izinin tuƙi, wanda ake ce ma B, iyakarshi kilo 3,500, motar da mutanen ciki da ruwan tanki da tukunyar gas da tuhwahi duk a cikin lissahin suke. To ka ga mutumin da ya yi shekara 40 a gida guda yana tara kaya, ranar da zai koma mota sai ya zauna ya zaɓa. Kabad ɗin uwarshi ba ya shiga, sai dai ya ɗauki cokali guda daga ciki.

Mu 'yan Tawa irin motocin nan ba baƙinmu ba ne. Muna yara Turawa na ƙetaro hamada daga Tamanrasset su shigo ta Assamaka, su biyo Arlit da Agadas da Abalak kan hanyar iraniyom su sauka nan, wasu da Peugeot 504 da za su saida su koma a jirgi, wasu da manyan motoci masu labule a taga da jarkoki ɗaure a sama. Mukan bi su da gudu muna leƙe. Ban taɓa kawowa ba ni ma wata rana mota za ta zame min ɗaki.

Shekara 19 ke nan ina cikin kamiyo, 6 ina aparanti, wato yaron mota, wurin Kawu, ƙanen Inna, sauran ina riƙe da sitiyari da kaina. Albasa muke ɗauka, ta Galmi da ta ƙauyukan da ke kewaye, mu hito ta Tsarnawa mu hau babbar hanya, Ƙonni, Dogonduci, Dosso, Yamai, daga nan sai ƙasashen bakin ruwa, Kumasi ko Accra. In wata ya yi kyau ina kwana biyat a gida, sauran duk a kan 'yar katifar da ke bayan kujera. Nan nake ci, nan nake jin rediyo, nan na ji labarin haihuwar ɗiyata ta biyu, nan kuma anka kira ni anka ce Kawu ya cika. Wurin bai kai ɗakin ajiyar hatsi ba, in ka sa jaka biyu da buta da tabarmar salla da kayan shayi to ƙafarka ma sai ka lanƙwasa, shi ya sa na gane tsohon nan tun kahin a yi min bayani.

Abin da Kawu ya bar min laya ce. Baduku ya ɗinke ta da jar fata, amma yanzu ta koma baƙa wuluk don zuhwa da ƙura da hayaƙin gazuwal, kuma gefe ɗaya ya yi sumul har yana ƙyalli, daidai inda yake sa babban yatsanshi. Kullum in za mu tashi sai ya karanta Subhanallazi sakkara lana haza, ayar nan ta cikin Suratu Zukhruf, ya shafa layar sau ɗaya, sannan ya sa giya. Ranar da ya miƙa min makulli a karon farko, a Ƙonni ne bayan la'asar, ya kwance ta daga madubinshi ya ɗaura min da hannunshi ya ce, ɗana, ga abokiyar hira, amma ka sani burki ba ya cikinta. Na ce to Kawu, Allah shi saka da alheri. Ya ce amin, kuma kada ka tuƙa da barci ko da mai kaya zai yi kuka.

Bara na ɗauki wani sabon aparanti, yaro mai natsuwa mai karatu, kwana biyu yana kallon layar bai ce komi ba, ran na ukku ya ce Baba don Allah kada ka ji haushi, abin ga shirka ne. Gaskiya raina ya sosu, amma ban yi mishi tsawa ba don na ga tsoron Allah ne ya sa shi magana. Da munka dawo na tahi wurin malamin unguwarmu na tambaya. Ya ce min in ayoyin Alƙur'ani ne a ciki malamai sun yi saɓani tun da daɗewa, wasu sun halatta wasu sun hana, amma babu wanda ya yarda mutum ya sa a ranshi cewa fatar nan ko takardar ita ke tsare shi. Ya ce in tambayi zuciyata. Na kwana ina tambaya. Ni dai na san na ga motoci kwance a gefen hanya da layu huɗu biyat suna reto a madubi, kuma na san wanda bai rataya komi ba ya tsuhwa ya mutu a kan gadonshi. Sai na kwance ta daga madubi don kada yaron ya riƙa ganin abin da ke damunshi, na sa ta cikin wani gwangwanin madara tare da ƙaramin kofin shayin Kawu mai tsaga a baki. Jehwa ta kam ba zan iya ba. Shafar yatsan mutumin da ya koya min sana'a ce a jiki, bayan ita da kofin sai hoto ɗaya na katin shaida da ya kusa gogewa.

Wanda ya rage a madubi yanzu takalmi ne, ɗan takalmin roba ja, ƙafar hagu. Ɗiyata tana shekara biyu uwarta ta kawo ta tasha su yi min ban kwana, na ɗora ta kan kujera tana wasa da oda, sai da na wuce Dosso na ga takalmin ƙarƙashin kujerar aparanti. Na ce in na dawo zan maida, tahiyar ta yi tsawo, kahin in dawo an saya mata wani. Na huda shi na sa zare.

Tun da anka ruhe iyakar Benin a 2023 aikinmu ya canza kama. Kayan da a da ke biyowa ta Kotonu da Malanville su ƙetare gada zuwa Gaya sunka koma Lome, daga nan a ratsa Burkina ta Dori a shigo ta Tera, kuma ba ka tashi don kanka sai ayari ya haɗu sojoji sun yi rakiya. Ni ma na yi wannan hanya da lodin dawowa. Kwana da kwanaki muna tsaye wuri guda, ɗaruruwan motoci, kuɗɗin guzuri na ƙarewa, rezo yana zuwa yana ɗaukewa. A zaman nan ne na ga abin da kowa ke ɓoyewa, don in dare ya yi ana shayi sai hira ta kai can. Wani Bazabarme ya hiddo min ƙyallen zanen uwarshi da ya ɗaure a hannun giya, wani Buzu yana da guntun azurhwa irin gicciyen Agadas a wuya na ubanshi, wani ɗan Maradi dattijo da hurhura ya buɗe walat ya nuna min takardar da ɗanshi ya fara rubuta sunanshi a lakwal, ta yi laushi awa auduga don naɗewa da warwarewa. Mutanen da ka gani da rana suna faɗa da 'yan duwan da murya awa tsawa, da dare ga su suna riƙe da ƙyalle a hankali kamar ƙwai.

Takalmin nan ya sha sauke min ƙahwa daga totur. In dare ya raba, hanya ta miƙe babu kowa, mai kaya yana ta kira wai albasa za ta ruɓe, sai hitilar wata mota ta haska shi yana juyawa a hankali, in tuna maganar Kawu, in nemi gari na gaba in faka in kwanta.

Yanzu yarinyar shekararta 9. Da safen nan na kai ta ta ga motar an wanke, ta hau ta kama takalmin ta auna da tahin hannunta tana dariya, ta ce Baba wai nawa ne wannan? Na ce naki ne. Ta ce to bari in kawo maka sabo wanga ya koɗe. Na ce a'a Uwata, bar min shi haka nan. Jibi in Allah ya yarda muna lodi a Galmi.