Abin da Renon Murjani Ya Koya Mini

Aikin renon murjani ya koya mini cewa raya gutsuren murjani a gandu ya fi farfaɗo da tudun murjanin da ya mutu, wato tarin murjanin da ya zama tudu a ƙarƙashin teku, sauƙi nesa ba kusa ba, kuma duk wanda bai bambanta waɗannan biyun ba zai yi shekaru yana ƙirga nasarar da teku ba ta amince da ita ba. Murjani dabba ce, ko da yake a ido ya fi kama da dutse ko tsiro. Dubban ƙananan halittu masu taushi ne suke zaune manne da juna, kowacce tana gina wa kanta ƙashi na alli, kuma a cikin tsokarsu akwai wata gansakuka wadda ido ba ya gani, ita ce take samar musu da mafi yawan abincinsu daga hasken rana, ita ce kuma take ba su launi. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba gani a tsakiyar bazara da kamar digiri 1 kacal, ya kuma daɗe makonni a haka, sai murjanin ya kori gansakukar nan, ya koɗe ya yi fari fat, yunwa ta fara cin sa.

Dabarar renon ba ta da wuyar fahimta. Tun a shekarar 1995 masanin halittun teku Baruch Rinkevich, wanda ya yi aiki a Bahar Maliya, ya kawo shawarar a riƙa bin matakai biyu, wato a reni ƙananan gutsattsari a wuri mai kariya, sannan a dasa su a kan tudun da ya lalace. A Fulorida ta Amurka, gidauniyar da Ken Nedimyer ya kafa a 2007 ta shahara da abin da ake kira bishiyar murjani, wadda bututun roba ne mai rassa da ake ɗaure shi a ƙasan teku, a sa masa abin da zai riƙe shi tsaye a tsakiyar ruwa. A jikin rassan ake rataye gutsattsarin da zaren kamun kifi, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Da yake suna lilo nesa da yashi da laka, ruwa kuma yana ratsa su ta kowane ɓangare, murjani mai rassa na dangin Acropora yakan ƙara fiye da santimita 10 a shekara, har ya kai a dasa shi kafin shekara ta zagayo.

Abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne cewa mafi yawan aikin shara ce da goge-goge. Mutum zai nutsa da buroshi da abin kankarewa, ya tarar gansakuka mai gashi ta lulluɓe zare da bututu, ƙananan halittu masu ɓawo sun manne ko'ina, wani lokaci ma da murjanin wuta wanda yake ƙona fata idan aka taɓa shi. Sai ya bi reshe bayan reshe yana kankarewa a hankali, yana kula kada buroshin ya goge siririyar tsokar da ke kan ƙashin, domin kaurinta bai fi 'yan milimita ba, kuma inda ta ƙuje nan cuta take shiga. A gindin wani gutsuren zai ga farin tabo sabo, idan ya duba da kyau sai ya sami dodon koɗin da ya ci wurin ya laɓe a ƙarƙashi, dole ya cire shi da hannu. Daga wannan aikin na gane matsayin masu cin gansakuka a rayuwar tudu. Gandun da aka kafa kusa da inda kifaye masu kiwo suke da yawa ba ya neman rabin wahalar wanda aka kafa a inda masunta suka kwashe su, saboda kifayen suna yin sharar da kansu kullum ba tare da gajiya ba.

Tarihin tekun Karibiyan ya tabbatar da haka a faɗin yanki guda. A 1983 da 1984 wata annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, wadda ita ce babbar mai cin gansakuka a yankin, a daidai lokacin da wata cuta take karkashe murjani mai rassa. Gansakuka ta mamaye duwatsun, 'ya'yan murjani suka rasa tsaftataccen wurin sauka, har ta kai Amurka ta sanya nau'o'i biyu na Acropora cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana a 2006. Wanda ya dasa murjani a kan irin wannan dutse ba tare da ya tambayi wane ne zai riƙa share masa gansakuka bayan ya tafi ba, bai gama tunanin aikinsa ba.

Darasin da ya fi zauna mini a rai shi ne na tsatso. Gutsuren da aka karya daga uwa ɗaya, kamar reshen da ake yanka daga bishiya a dasa, ita ce dai uwar ba wata ba, da ƙarfinta da rauninta. Ana iya cika gandu da gutsattsari dubu a ce an yi aiki, alhali tsatsonsu bai wuce biyar ba, kuma ranar da cuta ko zafin da ya fi ƙarfin ɗayansu ya zo, duk 'yan wannan tsatson tare za su tafi. Akwai kuma batun haihuwa. Murjani da yawa sukan saki ƙwai da maniyyi cikin ruwa a lokaci guda, sau ɗaya a shekara, 'yan darare bayan cikar wata, kamar yadda ake gani a babban shingen murjani na Ostireliya a watan Oktoba ko Nuwamba. Murjani mai rassa na Karibiyan ba ya cika yin barbara da ɗan tsatsonsa, saboda haka filin da aka cika da tsatso guda zai yi kyau a hoto amma ba zai haihu ba. Wannan ne ya sa na daina kallon 'yar alamar roba da ake ɗaura wa kowane reshe, mai ɗauke da lambar tsatsonsa, a matsayin aikin ofis. Idan alamar ta ɓace, an rasa sanin wanda ya jure da wanda ya faɗi, da kuma waɗanda ya kamata a dasa kusa da juna.

Akwai jarabar son abin da ke girma da sauri. Murjani mai rassa shi ne yake cika rahoto da lambobi, amma yana cikin waɗanda zafi ya fi saurin kashewa, alhali manyan dunƙulallun murjani, waɗanda girmansu a shekara sau da yawa bai kai santimita 1 ba, su ne ginshiƙin tudu kuma sun fi juriya. Dabarar da David Vaughan ya bunƙasa a cibiyar binciken teku ta Mote ta rage wannan matsala: ana yanka dunƙulen da zarto ƙanana-ƙanana, raunin ya sa su saurin girma, sannan a jera 'yan uwa ɗaya kusa da kusa har su haɗe su zama dunƙule guda.

Game da auna nasara, wani nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya tattaro ɗaruruwan ayyukan farfaɗo da murjani, ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 ba su bibiyi dashensu har watanni 18 ba, kuma matsakaicin filinsu bai wuce murabba'in mita 100 ba. A ganina laifin ba na ma'aikata kaɗai ba ne, domin masu ba da tallafi sun fi son jin adadin abin da aka dasa fiye da jiran shekara biyar su ji nawa ya rayu ya haihu. Inda aka yi nasara ta gaske, da wuya ba a tarar an fara kawar da abin da ya kashe tudun ba. A tsibiran Spermonde da ke kusa da Sulawesi a Indunusiya, kamun kifi da nakiya ya mayar da tuddai tsakuwa mai gangarawa da igiyar ruwa, wadda take murƙushe duk ɗan murjanin da ya sauka. Aka shimfiɗa ƙarafa masu kusurwa shida da aka shafe da yashi, aka haɗa su da juna suka danne tsakuwar, aka ɗaure gutsattsari a kansu, aka kuma sa al'ummar wurin cikin aikin da gadinsa. Cikin kamar shekara huɗu murjani ya rufe wurin, saboda ruwan yana da kyau, matsalar ƙasan ce kuma an gyara ta.

Zafin teku kuwa ba a gyara shi da ƙarfe ko siminti. A watan Yulin 2023 wani ma'auni a gaɓar kudancin Fulorida ya nuna zafin ruwa sama da digiri 38, dashen shekaru ya mutu cikin makonni a wasu tuddan, ma'aikata suka riƙa kwashe dubban murjani daga gandayen teku zuwa tankunan da ke wajen teku domin kada tsatsonsu ya ƙare. A watan Afrilun 2024 aka tabbatar da koɗewar murjani ta duniya karo na huɗu, bayan ta 1998 da ta 2010 da wadda ta ɗauki 2014 zuwa 2017. Rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi na 2018 ya yi hasashen asarar kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na tuddan murjani idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 sama da zafin da ake da shi kafin zamanin masana'antu, da fiye da kashi 99 idan ta kai digiri 2. Tun daga nan nake ɗaukar gandu a matsayin ma'ajiyar iri kafin komai. Bayan kowane zafi mukan zagaya da allon rubutu mu nemo tsatson da bai koɗe ba mu yawaita shi, amma ba ma watsar da sauran, domin wanda ya jure zafi a bana yana iya zama wanda cuta za ta fara kamawa baɗi, kuma muna ajiye kowane tsatso a gandu fiye da ɗaya, a zurfi daban-daban, tare da wani kaso a tankin da ke wajen teku.