Kalzonen alayyafo da abin da ya koya mini kafin in ajiye aiki

Ƙarshen watan jiya na ajiye aiki a gidan abincin da nake a Abuja. Waɗanda muka yi zaman kicin tare sun san dalili, sun kuma san oga shef, ba sai na kama suna ba. Labarin kalzonen ganye, wato fizar da ake ninkewa a rufe haɗin a ciki, nake so in rubuta, domin a kansa na fi sanin sana'ar nan, a kansa kuma aka fi cutata.

Kowa ya tuna halin da aka shiga bayan an saki naira a watan Yunin 2023. Duk abin da muke saye daga waje ya yi tashin gwauron zabi, daga cuku irin su mozarela da rikota har man zaitun da fulawar Italiya mai lamba 00. Wata rana sito ya kusa zama wayam, ga kwaɓin fiza ya tashi tun jiya, in ba a gasa ba zai yi tsami a zubar. Aka ce in haɗa abincin ma'aikata da abin da ya samu. Na tarar da alayyafo, albasa, tattasai, gauta, tafarnuwa, madara da ɗan guntun mozarela da ba zai rufe fiza ko biyu ba. Shi ya sa na zaɓi kalzone, tunda idan aka ninke kwaɓi aka rufe, cuku kaɗan ma yana isa.

Matsalar kalzonen ganye ruwa ce. Fiza a buɗe take, tururi ya tashi ya tafi abinsa. Kalzone kuwa a rufe yake, duk ruwan da ganye ya saki a ciki zai zauna, ƙasan ya jiƙe, saman ya ƙone, tsakiya ɗanye. Don haka na yaushe alayyafon a kasko, na zuba a tsumma mai tsabta na matse har ya daina ɗiga. Gauta na yanka na barbaɗa gishiri, na bar ta rabin awa ta fitar da ruwa da ɗaci, sannan na soya. Tattasai na gasa a kan wuta na ɓare fatar. Albasa ta daɗe a ƙaramar wuta har ta yi zaƙi. Madarar na ɗora ta kusa tafasa, na matsa lemun tsami, ta tsinke, na tace, ta tsaya a madadin rikota. Sai na jira komai ya huce sarai, domin haɗi mai zafi yana sa kwaɓi ya saki ya yage kafin ya kai bakin tanderu. Curi mai nauyin giram 250, a buɗe shi da hannu, a zuba a rabi, a bar baki, a ninke a danne sosai, a tsaga saman kaɗan don tururi.

Oga shef ya shigo ya gani. A gaban yara masu wanke-wanke ya ce wannan ba abincin Italiya ba ne, wa ya taɓa ganin alayyafo a kwaɓin fiza, kuma wa ya ba ni izinin taɓa kwaɓin. Ana cikin haka Hajiya mai gidan ta leƙo, ta gutsiri ɗaya, ta ce a naɗe mata biyu ta tafi da su. Ba a yi mako biyu ba sai ga shi a takardar jerin abinci, an rubuta na musamman daga hannun shef. Ya ce mata ya daɗe yana gwada shi. A ƙarshen wannan watan aka yanke mini albashi, wai na yi ɓarnar kaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga ranar har na bar wurin ni nake matse alayyafon nan kowace safiya, kuma bai taɓa ambaton sunana ko sau ɗaya ba.

Maganar da ya yi cewa ba abincin Italiya ba ne ma ba gaskiya ba ce. A birnin Napoli na Italiya, inda kalzone ya samo asali, ana cusa wani ganye mai ɗan ɗaci da suke kira iskarola a cikin kwaɓi, tare da zaitun da ƙananan kifi masu gishiri, musamman a jajibirin Kirsimeti. Abincin talakawan birni ne, na abin da ke hannu. Da UNESCO ta karrama sana'ar masu fiza na Napoli a 2017, abin da ta karrama shi ne gwanintar hannu da ubangida ke miƙa wa yaronsa. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Na je wurin don in sami mai koya mini, na tarar da mai karɓe ɗan abin da na iya.

Ga mai son yi a gida, tanderunmu ya wuce digiri 400, naka da wuya ya haura 250. Ka kifa tire a ciki ya yi zafi sosai kafin ka ɗora, ka ba shi minti 12 zuwa 15. In wara ka samu wajen Fulani, ka marmasa ta cikin ganyen, amma ka sani ba ta narkewa ta yi yauƙi irin mozarela.

Sauran darussan gajeru ne. Duk abin da ka ƙirƙira a kicin, ka rubuta awonsa da kwanan wata, ka nuna wa mai gida da kanka. Kada ka yarda a yanke maka kuɗi ba takarda. Ka kyautata wa masu wanke-wanke, su kaɗai suka faɗi gaskiya da aka tambaya.

Ƙanena da ya gaje ni a teburin fiza, na bar maka awon komai a littafin da ke saman firji. Idan aka yaba, ka ce kai ka yi, da ƙarfi yadda Hajiya za ta ji.