Kafin ku yi wa sabuwar waƙar hukunci

Duk sanda ƙungiyar prog rock (salon kiɗan rock mai dogayen waƙoƙi da awo mai sarƙaƙiya) ta saki waƙa, sai masoya su hau gardama, wai ba ta kai na da ba. Da yawansu a lasifikar waya suka ji ta, ita kuwa ba ta iya fitar da sauti mai kauri, don haka jitar bes da babbar ganga sun ɓace. Masu cewa makaɗin gangar yana tuntuɓe kuma, wataƙila awon 7/8 suke ji, wato kiɗa mai bugu bakwai a kowane zagaye. Ku ƙirga 1-2, 1-2, 1-2-3, za ku ji ya zauna daram. Ku sa abin ji na kunne, ku maimaita ta. In daga tsakiyar kundin waƙoƙi aka ciro ta, wataƙila shimfiɗarta tana cikin waƙar da ta gabace ta.