Abin da tseren farkon shekara ke koya wa mai keke irina

Ƙwararrun 'yan tseren keke suna buɗe kakarsu a Janairu, can Adelaide ta ƙasar Ostireliya, da gasar Tour Down Under. Su suna tsakiyar zafi, mu nan hunturu ya lulluɓe mu da ƙura. A Fabrairu sai a koma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Ruwanda, kafin Maris ya kai su Turai. Ni da nake tsere don sha'awa, ba albashi ba mai horarwa, waɗannan watanni uku sun zama mini makaranta, sai dai darasin ba a wurin da kyamara ta fi nunawa yake ba.

Kyamara gwarzo take bi. A 2024 Tadej Pogačar ya ɓalle shi kaɗai a tseren Strade Bianche na Italiya saura kilomita 81, a kan farar tsakuwar yankin Siena, ba wanda ya sake ganin ƙeyarsa. Abin burgewa ne, amma ba abin koyi ba ne ga mai zuwa aiki daga Litinin zuwa Juma'a. Duk ranar da aka nuna irin wannan, washegari sai ka ga wani yaro a ayarinmu ya ɓalle tun ba mu bar gari ba, mu tarar da shi a gaba ya jingina keke da bishiya yana haki. Wanda ya kamata ka zuba wa ido shi ne mutumin da ke na goma ko na sha biyar a ayari, wanda ba ya shan iska ko kaɗan sai lokacin da ya ga dama.

Iska ce babban malami. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, a tsakiyar babban ayari ma abin ya fi haka. Amma idan iskar ta bugo daga gefe, bayan mutum ba mafaka ba ne kuma. Mafakar tana komawa gefensa, ɓangaren da iska ba ta fitowa, sai ka ga 'yan tsere sun jeru a karkace kamar tsuntsaye masu ƙaura. Faɗin titi kuwa yana da iyaka. Mutum goma sha wani abu ne za su samu gurbi, sauran su zube a layi ɗaya a bakin kwalta, kowa na shan iskarsa, har igiyar ta tsinke. A hamadar Daular Larabawa da ranakun farko na tseren Paris-Nice na Faransa, ka kan ga wanda ya fi kowa iya hawan dutse ya yi asarar minti guda a shimfiɗaɗɗiyar hanya, don kawai yana baya lokacin da titi ya yi kwana.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. In ka fita daga Kano ka nufi Wudil, ta hagu take dukanka, mafaka tana dama. Matsalar ita ce na gaba sai ya matsa cikin titi kafin na baya su samu wuri, mu kuma ba a rufe mana hanya, tirela da motocin haya ba ruwansu da tsarin kowa. Saboda haka muke karkasuwa uku-uku ko huɗu-huɗu, kowa ya ja na ɗan lokaci ya koma baya. Kafin kowace kwana nakan tambayi kaina ta ina iskar za ta koma, in matsa gaba tun kafin a isa.

Gasar Milan-San Remo ta Italiya kuma haƙuri take koyarwa. Kusan kilomita 300 ne, fiye da awa shida a kan sirdi, kuma yawanci ba a sanin mai nasara sai a tudu biyu na ƙarshe, Cipressa da Poggio. Poggio ɗin bai kai kilomita 4 ba, ba shi da wani tsauri, amma bayan doguwar tafiya shi ke tona asirin wanda ya yi almubazzaranci da ƙafarsa da wanda ya manta da ci. Ƙwararru yanzu suna cin giram 90 zuwa 120 na sukari da dangoginsa a kowace awa. Ni dabino ne a aljihu, da ruwan da na zuba wa sukari da ɗan gishiri, kuma ina ci tun yunwa ba ta zo ba. Gangarowar da Matej Mohorič ya yi daga Poggio a 2022, wadda ta ba shi nasara, ita kam kallo kawai nake yi. Shi an share masa hanya, ni akuya na iya fito mini daga lungu.

A shekarar nan ta 2022 Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci tseren Gent-Wevelgem a Beljiyam yana da shekara 21. An yi ta maganar tarihin da ya kafa, kuma ya cancanta. Ni abin da nake maimaita kallo shi ne yadda ya shiga cikin mutum huɗun da suka ɓalle, ya ja rabonsa bai ƙara ba, sannan ya taso daga baya saura kamar mita 250, kafin Christophe Laporte, ɗaya daga cikin huɗun, ya ankara.

Wani abin kuma, kada ƙarfin Janairu ya ruɗe ka. Richie Porte ya ci hawan tudun Willunga a gasar Tour Down Under shekara shida a jere, daga 2014 zuwa 2019, amma sau ɗaya ya shiga ukun farko a Tour de France, a 2020. Da yawa daga manyan suna zuwa tseren farko ne don gwada ƙafa, idonsu na kan manyan gasannin Afrilu ko Yuli. Don haka idan wani ya wuce ni fuu a cikin hunturu ba na bin sa. A 2025 da azumi ya cinye watan Maris, na rage nisa, na mai da fita ta zama bayan La'asar a hankali, aiki mai tsanani kuma na bar shi sai bayan Sallah.