Tsutsar lemun tsami da ta tumfafiya, da yadda nake renonsu a tsakar gida

Duk wanda ya ce yana son ganin malam-buɗe-littafi a gidansa amma ba ya son ganin tsutsa ko guda a jikin shukarsa, toh gaskiya bai shirya ba tukuna. Mutane suna ɗauka in ka dasa furanni masu kala shikenan za su zo, eh za su zo ɗin, su sha ruwan fure su wuce, amma ba za su zauna ba, don uwar ba fure take nema ba in za ta yi ƙwai, ganye take nema, kuma ba kowane ganye ba, kowane iri da nashi ganyen da 'ya'yansa suke ci, in babu shi a gidanka sai ta tsallaka katanga ta nufi wani wuri.

Ni a nan Zariya abin da nake da shi ba wani lambu ba ne babba, bishiyar lemun tsami ce ɗaya a kusurwa, sai zogale, sai wata tumfafiya da ta fito da kanta a bayan bayi na hana a cire, sai tafasa da raidore da ke tsirowa in damina ta sauka. Waɗannan kawai sun ishe ni kallo.

Bari in fara da na lemu don shi ne ya fi shiga raina. Wani babba ne baƙi mai ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa, a fukafukansa na baya akwai wasu tabo kamar idanu masu ja da shuɗi, masana suna ce masa Papilio demodocus, kuma kusan duk inda ake da lemu a Afirka kudu da Sahara yana nan. Macen in ta zo ba ta sauka sosai, tana ta kaɗa fukafuki tana taɓa ganye da ƙafa, ashe ɗanɗanawa take yi, da ƙafafunsu suke jin ɗanɗano. In ta gamsu sai ta lanƙwasa ciki ta manna ƙwai ɗaya tak a kan tohon ganye, ta matsa gaba ta sake manna wani. Ƙwan ɗan mitsitsi ne, bai fi milimita 1 da ɗan wani abu ba, kalarsa fari-fari zuwa ruwan ɗorawa, kafin mako ya cika ya ƙyanƙyashe.

Abin da ke fitowa kuwa wallahi in ba a nuna miki ba ba za ki ce abu ne mai rai ba, baƙi-baƙi da fari a tsakiya, sak kashin tsuntsu a kan ganye, har da ɗan sheƙi. Tsuntsu ya gani ya wuce abinsa. Haka za ta yi ta ci tana saɓa, sau huɗu take tuɓe fata, a na ƙarshen ne take komawa koriya shar, ta kai kamar santimita 4, lokacin nan kuma ci take ba wasa, ganye guda sai ta gama da shi kina tsaye. In kika taɓa ta sai ta ɗaga kai ta fito da wani abu mai reshe biyu kalar lemu daga bayan kanta, yana wari mai ƙarfi, da shi take korar tururuwa da sauran masu neman cinye ta. Ba ya harbi, ba ya komai ga mutum, warin ne kawai. Yarana sun fi son wannan wajen, sai na yi ta cewa ku bar ta haka ta huta, don fito da shi yana gajiyar da ita.

Ta tumfafiya kuma halinta daban, ita ba ta ɓuya sam. Zane-zane ne a jikinta na fari da baƙi da ruwan ɗorawa, da wasu zare-zare baƙaƙe guda shida, tana zaune a fili kan ganye. Dalili shi ne madarar tumfafiya guba ce, ita kuma tana ci tana tara gubar a jikinta har ta zama malam-buɗe-littafi gubar tana nan, tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ya yi amai ba ya sake kusantar mai irin wannan kalar. Shi ya sa za ki ga babban, wato Danaus chrysippus, mai ruwan lemu da baƙin baki da farin ɗigo, yana tashi a hankali ba ya sauri. Namu na nan Afirka ta Yamma fukafukansa na baya farare ne, in kika ga hoton na Indiya ko na Masar za ki ga nasu duk ruwan lemu ne. Akwai ma wani iri daban, Hypolimnas misippus, wanda macensa ta kwaikwayi kalar wannan mai gubar alhali ita ba ta da guba ko kaɗan, namijin kuwa baƙi ne mai manyan tabo farare da shuɗi a gefensu, in kika gan su ba za ki taɓa cewa miji da mata ba ne.

Tafasa da raidore su kuma na wasu farare ne da masu ruwan ɗorawa, Catopsilia florella, masu gudun tsiya, tsutsarsu koriya ce tana kwanciya a tsakiyar ganye ba a ganinta.

Toh yadda nake renon. Ba na kwashe duka, kaɗan nake ɗauka in bar saura a bishiya. Robar fenti da aka wanke tas ko babbar kwalba mai faɗin baki ta isa, a rufe bakin da yankin tsohon gidan sauro a ɗaure da kyauro, iska ta riƙa shiga. A ƙasa a shimfiɗa takarda. Kullum a zubar da kashin a sauya takardar, don in ya taru ya jiƙe yana yin fumfuna kuma shi ke kashe su. Ganye sabo kullum, kuma daga irin bishiyar da aka same ta, kar a ce lemu ya ƙare bari a ba ta alayyafo, za ta mutu da yunwa ganyen yana gabanta. In za a sa reshe a cikin ruwa don kar ya yi yaushi, a toshe bakin kwalbar da auduga, in ba haka ba tsutsar tana bin reshen ta faɗa ruwa. A sa ɗan kara a tsaye wanda za ta hau. A ajiye a inuwa, rana tana dafa su a cikin roba. Cinnaka da tururuwa kuwa, sai a ɗora robar a kan bulo a cikin faranti mai ruwa.

Abu biyu da ba na wasa da su. Na farko madarar tumfafiya, in ta shiga ido tana yin lahani sosai, ni nake tsinko ganyen da kaina in wanke hannu da sabulu, yara ba sa taɓawa. Na biyu gizaka, duk tsutsa mai gashi ba a ɗaukarta da hannu, wasu gashinsu yana sa ƙaiƙayi da borin jini. Sannan kar a ajiye robar a ɗakin da ake fesa fiya-fiya ko kunna maganin sauro, dare ɗaya ya isa ya gama da su.

In ta ƙoshi, wajen sati biyu zuwa uku ya danganta da zafi, sai ta daina ci ta fara yawo cikin robar kamar ta rasa wurin zama. Ta lemu tana manne ƙarshen jikinta a kara sannan ta saƙa wani zare siriri ta zagaya ƙirjinta da shi ta jingina, kanta a sama. Ta tumfafiya kuma ratayewa take yi kai a ƙasa, ta tuɓe fatar ta zama wani ɗan ƙunshi kore ko ruwan hoda mai ɗigon zinare, kai, wannan abin yana da kyau, ban taɓa ganinsa na kasa cewa tsarki ya tabbata ga Allah ba. A cikin wannan ƙunshin yawancin jikin tsutsar narkewa yake yi a sake gina shi, fukafuki da dogayen ƙafafu da bakin tsotso duk a nan suke haɗuwa. Na tumfafiya kamar sati guda ko kwana goma, na lemu yakan kai sati biyu. Ana gobe zai fito ƙunshin yana yin duhu har kina hango kalar fukafukin ta ciki.

Yawanci da safe suke fitowa. Zai fito a jiƙe, fukafuki a cukurkuɗe, ciki a kumbure, ya rataye yana tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fukafukin har su miƙe, sannan ya jira su bushe, awa ɗaya zuwa biyu. Dan Allah kar a taɓa shi a wannan lokacin, kar a ce za a taimaka masa, abin da yake buƙata kawai wurin ratayewa da sarari a ƙasansa, in ya faɗo ko wurin ya matse fukafukin a lanƙwashe za su bushe kuma ba zai tashi ba har abada. Zai zubar da wani ruwa ja-ja, ba jini ba ne, sauran dattin da ya taru ne. In ya fara buɗewa yana rufewa sai a kai robar waje a cire murfin.

Ba duka ke kaiwa ba. Wani lokaci ƙunshin zai yi baƙi ya huje, ƙuda ko wata 'yar rina ta fito maimakon malam-buɗe-littafi, tun tsutsar tana bishiya aka yi mata ƙwai a jiki. Ƙaramar 'yata ta yi kuka ranar da ta fara ganin haka, "Umma me ya sa?" na ce mata ita ma rinar abincin 'ya'yanta take nema, kuma irinsu ne ke rage wa manoma ƙwari a gona. A waje ma ga ƙadangare ga kaji ga zanzaro da ke kwasar tsutsa yana cusawa a ɗakinsa na laka, cikin ƙwai masu yawa kaɗan ne ke kaiwa ga tashi.

Surukina da ya zo daga ƙauye ya ga robobin a jere ya tsaya ya ce "'Yata, tsutsa kike kiwo? Mu muna kashe kuɗi muna kashe ta." Na ce "Baba ku yi haƙuri, wannan ba irin taku ba ce." Kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan, manomin tumatir ne, ya ga abin da tsutsar tumatir da ake ce wa sharon, wato Tuta absoluta, ta yi a 2016, lokacin da gonaki a Kano da Kaduna suka ƙone har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A wannan shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar masara ɗin nan 'yar asalin nahiyar Amurka a Najeriya kafin ta bazu Afirka. Wanda ya yi asara irin wannan dole ya tsani duk wata tsutsa. Amma waɗannan biyun 'ya'yan faɗa-wuta ne masu tashi da dare, kuma ta tumfafiya ko za ta mutu ba za ta ci tumatir ko masara ba. Ta lemu ce kaɗai zan yarda tana ɓarna, in dashen ƙarami ne tana iya cinye masa ganye tas, masu renon dashen lemu sun san ta. Ko ita ɗin a gida ba sai an yi feshi ba, a tsince da hannu a mayar kan babbar bishiya, babbar bishiya ba ta jin ganye ashirin. Na kuma tuna wa Baba cewa rigar tsamiya da manya ke ji da ita daga tsutsa take, tsutsotsin Anaphe ne ke haɗuwa su saƙa gida ɗaya, a kwaso a dafa da ruwan toka a kaɗa zare. Ya yi dariya ya ce wannan kam gaskiya ne.

Abin da ke damuna shi ne feshin da ake yi ba tare da an duba me ake kashewa ba, mutum ya ga rami a ganye sai ya ɗauko magani ya wanke gidan duka, ya kashe tsutsa ya kashe zuma ya kashe rinar da ke taimakonsa, ga siminti da intalok sun rufe ko'ina babu ko ciyawa. Najeriya tana da irin malam-buɗe-littafi fiye da 1,000, yawancinsu a dazukan kudu irin na Kuros Riba, namu na arewa ba su kai haka yawa ba, amma akwai baƙin da ke zuwa mana daga nesa. Vanessa cardui daga Turai yake tsallako teku da hamadar Sahara ya sauka a yankinmu na Sahel wajen Satumba da Oktoba, ƙarshen damina, ya hayayyafa, jikokinsa su koma arewa. Wani masani ɗan Sifaniya, Gerard Talavera, ya tsinci irinsu a bakin teku a Guyana ta Faransa da ke Kudancin Amurka a Oktoban 2013, binciken da suka fitar a 2024 ya nuna daga Afirka ta Yamma suka tashi, kilomita 4,200 a kan tekun Atlantika. Tun da na san wannan in damina ta ja baya nake ƙara sa ido a kan furen zogale.

Don kallo kawai, lokacin da ya fi shi ne da hantsi in rana ta ɗan yi zafi. A bar wani wuri mai danshi, kusa da randa ko inda ruwan famfo ke ɗiga a ƙasa, za ki ga suna taruwa suna tsotson laka, yawanci mazan ne, gishiri suke nema. Ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba a ɗora a kan katanga yana jawo wasu manya masu ƙarfin tashi da ba ruwansu da fure. Ki zauna shiru, kar inuwarki ta faɗa kansu.

In sanyi ya shigo da hunturu, ƙunshin na lemu yakan ƙi fashewa a kan lokaci, ya yi makonni har watanni a haka. Kar a zubar. In bai yi baƙi ba, bai huje ba, bai yi wari ba, yana da rai, a bar shi a inuwa inda ɓera da tururuwa ba za su kai gare shi ba, a riƙa dubawa kowace safiya.