Godiya ga duk waɗanda suka sha zafi tare da mu ranar Asabar

Assalamu alaikum. A madadin shugaba da 'yan kwamitin ƙungiyarmu ta taimakon al'umma a nan Zariya, ina miƙa godiya kan taron da muka yi game da ginin azuzuwa biyun da muke shirin yi wa makarantar unguwa, ko da ƙasa za a yi su ko da siminti. Sai dai kafin godiya akwai ban haƙuri. Ni na kama ɗakin taron nan, ban kuma duba tagoginsa ba. Wuta ta ɗauke ƙarfe sha biyu, janareta ya ƙi tashi, rufin kwano ya shiga gasa mu kamar masa a tanda. Laifina ne, a yafe mini.

Allah ya saka wa Baba maigidan da ke maƙwabtaka da alheri. Da ya ga dattawa suna fita suna fifita da takardun taro, sai ya ce mu shigo zaurensa. Tsohon soro ne na tubali, bangonsa ya fi kamu guda kauri. Muna zama sai gumi ya tsaya. Waɗanda suka shafe wata biyu suna ce mini ginin ƙasa koma baya ne, ranar su suka riga kowa samun tabarma.

Babbar godiya ga Hajiya mai zanen gine-gine da ta baro aikinta ta zo, ko kuɗin mai ba ta karɓa ba. Hotunan da ta shirya ba su haska ba, sai ta dafa bangon zauren ta yi bayani da shi: katanga mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, ba ta sakinsa sai dare ya raba. Ta ba mu labarin Dandaji a jihar Tahoua ta Nijar, inda Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matse a inji, aka gama a 2018. Ta kuma ambaci Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ɗaga kwanon makarantar ƙauyensu Gando sama da rufin ƙasa don iska mai zafi ta sami hanyar fita. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine a duniya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ce sarrafa siminti kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar carbon dioxide da ɗan Adam ke fitarwa, wadda ke ɗumama duniya. Mu da tsadarsa kawai muke kuka da ita.

Ma'ajinmu ya yi tambayar da ke bakin kowa: "Hajiya, to damina fa? Wa zai riƙa yaɓe duk shekara?" Nan Baba magini, wanda tun farko bai ce uffan ba, ya gyara zama. Ya ce ruwa ba ya cin gini sai ta ƙafa ko ta kai. A sa harsashin dutse, a fito da bakin rufi, a gyara indararo. Ya tuna mana makuba ta ɓawon ɗorawa da katsin marina da ake shafe bango da su, da azarar giginya da gara ba ta iya ci. Ya ce wanda ke shakka ya je ya dubi bakan gizon rufin da shahararren magini Babban Gwani ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya tun zamanin Sarki Abdulkarimu. Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ga iyayenmu mata da suka aiko da zoɓo da kunun aya, da samarin da suka yi ta jigilar kujeru cikin rana, Allah ya biya ku.

An tsayar da cewa za a gwada ƙasar filin makarantar a ga ko za ta yi bulo, Hajiya kuma za ta kawo zane da kiyasin kuɗi a zama na gaba. Baba maigida ya ce zaurensa a buɗe yake, don haka can za mu haɗu bayan La'asar. Wanda ya manta hularsa zanna bukar, tana wurina.